Jini a Kan Dutsen Wasi

Kafintan ya fi shekara talatin yana wasa cizal ɗinsa kowace safiya kafin ya taɓa katako. Ranar ma haka ya yi: ya ɗiga mai a kan dutsen wasi, ya kwantar da bakin ƙarfen, ya shiga kai da komowa. Da bakin ya fara sheƙi, sai ya goga shi a babban yatsansa don ya ji kaifi. Bai ji komai ba. Ya ja tsaki, ya ƙara wasawa, ya sake gogawa da ɗan ƙarfi.

Can sai ya ga man da ke kan dutsen ya yi ja. Ya ɗauka tsatsa ce. Da ya juya hannunsa, ashe yatsan ne ya tsage, jini har wuyan hannu, shi kuwa ko zafin cizon sauro bai ji ba.

Haka mahaifinsu ya fara, da mutuwar yatsu, daga baya ɓarin jiki ya shanye, ya shekara bakwai sai an kwantar an tayar. Ya tsunkuli sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. Uku kamar na wani.

Yayarsa, mai shagon ɗinki a jikin nasa shagon, ta leƙo neman aron guduma. Ya yi wuf ya kai hannun baya.

"Auta, me kake ɓoyewa kamar ka saci nama a tukunya?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai ɗin ne ke ɗiga a ƙasa?"

Ta fizgo hannun. Ya ce, "Ban ji ba, Yaya. Wallahi ban ji ba. Irin na Baba ne."

"Rufe min baki!" ta ce, ta naɗa masa ƙyalle a yatsan ta ƙulla.

A asibiti aka ɗinke yatsan, aka ɗibi jini. Likita ya ce ba shanyewar jiki ba ce, ciwon sukari ne ya daɗe yana cin jijiyoyinsa.

"Yatsun za su dawo, likita?"

"Idan ka riƙe magani, za mu tare ciwon. Wanda ya riga ya tafi, ban yi maka alkawari ba."

Suka fito daga asibitin. A bakin titi ya tsaya yana kallon motoci, ya kasa ɗaga ƙafa. Sai da ta kama lafiyayyen hannun ta tsallakar da shi, da furfurarsa da komai.