Barewa a Ramin Siminti

Da rani ya tsananta, rafin bayan ƙauye ya ƙafe, namun daji suka fara shigowa gonaki neman ruwa, karnuka na kashe su. Sai wasu mutanen ƙauyen suka haɗa kansu, ba wanda ya biya su, suka haƙa rami a jikin wani tudu a bakin daji don dabbobi su riƙa sha. Ungozoma ce shugabarsu. Ƙanenta Magini ya tare gefen gangaren da bulo, ya yaɓe cikin da siminti. Mata suka cika shi da ruwan rijiya, jarka bayan jarka, har wuyansu ya sage.

Magini ya iya aiki, kuma ya san ya iya, to nan matsalar take. Ya miƙe bangon sak, ya goge shi sumul kamar cikin kwano. An ce ya bar wa dabbobi matakala a gefe ɗaya, ya ce hakan zai ɓata masa aiki. Yaɓen rijiyar mutane ya yi, ya manta dabba ba ta da guga.

Wata safiya Ungozoma ta zo duba ruwa tare da mijinta Maharbi, wanda ya ajiye bindiga ya daina farauta tun da aka fara aikin nan. Magini na biye da su da kayan aikinsa a baro, zai wuce wurin gini. Suka iske barewa a cikin ramin. Ruwan ya ja baya, ta miƙa wuya ta zame. Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Tana ta zagaye, tana kartar bango da kofato, ba abin kamawa.

"Ga igiya a baro," in ji Magini. "Mu zarga mata mu jawo ta."

"A wuya?" Maharbi ya ce. "In igiyar ba ta shaƙe ta ba, tsoro zai kashe ta a hannunka. Na sha gani."

"Kai da ka ƙarar da danginta, yau kai ne likitanta?"

"Ni dai ban taɓa gina musu kabari da siminti ba."

"Ku yi mini shiru," in ji Ungozoma. Idonta na kan barewar. Hancin dabbar ya nutse, ya sake ɓullowa yana fesar ruwa. Zagayen nata ya ragu.

Ungozoma ta juya wajen ƙanenta. "Auta, ɗauko gudumar nan. Fasa bangon bulon."

"Yaya, ruwan fa? Duk zai tsiyaye. Me za ki gaya wa matan?"

"Wannan nawa ne. Kai fasa."

Ya tsaya da gudumar a hannu yana kallon yaɓensa. Ba ruwan ne ya riƙe masa hannu ba, kowa a wurin ya sani. Mutum kan so abin da hannunsa ya yi fiye da abin da aka yi shi dominsa.

"Ta kusa daina motsi," Maharbi ya ce a hankali. Wannan karon babu zolaya a muryarsa.

Magini ya sauka gangaren ya ɗaga guduma. Bugun farko ya firgita barewar, ta yi tsalle ta buga kai a bango, ta nutse gaba ɗaya. Ungozoma ta dafe ƙirji.

"Kada ka tsaya," in ji ta.

Ya ci gaba da bugu. Bangon ya ƙi. Shi ya zuba masa siminti ba tausayi, yanzu ingancin aikinsa ne ke neman kashe dabbar. Gumi ya rufe masa ido. Can sai bulo ya tsage, ruwa ya feso masa a ƙirji, wani ɓangare ya rufta, ruwan ya kwararo gangare ya kayar da shi a laka.

Da ruwan ya sauka, sai ga barewar a durƙushe a ƙasan ramin, haƙarƙarinta na hawa da sauka. Maharbi ya yi musu alama su ja da baya. Suka koma bayan wata bishiya. Barewar ta daɗe a haka. Daga baya ta miƙe, ta taka ɓaraguzan bulon ta fita ta wurin da aka fasa, ta shige daji tana ɗingishi.

Rana ta riga ta fara shanye ruwan da ya zube.

"Zan sake gina shi da matakala," in ji Magini, bai ɗago kai ba.

"Za ka gina," Ungozoma ta ce. "Kuma ruwan da za a cika shi, a kanka zai zo. Tashi mu je wajen matan, kai za ka fara magana."