Ƙyallin Bangon Fahim

Usta Ragab kafinta ya shafa bangon falon da tafin hannu, ya nuna wa Hajiya Wadida. Hannun ya jiƙe.

"Hajiya, wannan bango ne ko goshin mai gasa kifi? Dubi yadda yake gumi!"

"Ka yi abin da ya kawo ka, Usta. Bakinka ya fi gudumarka aiki."

Tari ya sarƙe ta kafin ta rufe baki. Tun rasuwar mijinta Fahim take zaune ita kaɗai a wannan bene na Iskandariyya, kusa da teku. Ɗanta Hazim ya riga ya yanke hukunci daga Alƙahira: in tarin nan bai tsaya ba kafin sanyi ya shigo, zai zo ya kwashe ta, a rufe gidan. Ita kuwa ko a mafarki ba ta son barin sa.

Fahim ne ya lulluɓe bangon da allunan katako irin na masana'anta, waɗanda ake mannawa falle-falle. Mutumin kirki ne, amma in ya ga abu ba ya sheƙi sai ya ɗauka talauci ne. Da hannunsa ya yi ta shafa musu man ƙyalli, shafi bisa shafi, har suka koma kamar madubi.

"Allah ya jiƙan Alhaji, amma ya toshe wa katakon hanci," in ji Usta Ragab. "Katako yana shan laima in ta yi yawa, ya sake ta in iska ta bushe. Wannan kuwa ko ɗigo ba ya sha. Shi ya sa na'urar sanyinki ba ta hutawa, tana ta cin wuta, ga fumfuna a bayan kabad, ga ƙirjinki."

"To me za a yi?"

"A kankare shi tas, a shafa mai ɗan kaɗan wanda zai bar shi ya yi numfashi. Ba zai yi sheƙi ba fa, kada ki zo kina tsine mini."

Ta daɗe tana kallon bangon. Akwai wurin da burushin Fahim ya karkace, ta tuna ranar, ita ce ta kira shi shan shayi. Wayarta ta yi ƙara, Hazim ne.

"Mama, me kafintan ya ce? Wallahi ki daina wahalar da kanki, mun gyara miki ɗaki, yara sai tambaya suke."

"Ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta? Ku zuba kayan guga a ciki. Ina nan."

Ta kashe wayar, ta ce, "Fara, Usta, kafin in sake shawara."

Wuni guda injin kankare katako yana kuka. Ta zauna a baranda da mayafi a hanci, tana kallon masu sayar da kifi suna kwashe kaya. Bayan la'asar Usta Ragab ya share ƙura, ya ce gobe zai dawo da mai, ya sauka yana waƙa.

Falon ya yi fari-fari, yana ƙamshin sabon itace. Ta ɗumama wake, ta yanka burodi, ta zauna a kujerarta ta kullum. Ta ɗaga kai kamar yadda ta saba. Tun da Fahim ya tafi, duk lokacin cin abinci akwai wata tsohuwa a cikin ƙyallin bangon da ke ɗaga loma tare da ita, har takan ce mata bismillah. Yau babu kowa a wurin, sai katako.

Ta juya kujerar ta fuskanci taga, ta ci gaba da cin abincinta.