Iskar da Ta Sauko

Auta na kokawa da numfashi lokacin da babanta ya faɗo asibitin kan dutse ɗauke da ita.

"Likita, asmarta ce! Hayaƙin gari na gudar mata, na dawo da ita nan. Yau guguwa ta share sama tas, sai na buɗe mata tagogi."

Likita ta jona mata tukunyar oksijin ta ƙarshe. "Baban Auta, guguwar ce ta danno iskar ozon daga ƙololuwar sama. A can kare mu take daga rana, a nan huhu take ƙonawa."

Ƙirjin Auta ya fara lafawa ke nan, sai ga wani baƙo a ƙofa, da yaro sheme a kafaɗarsa, idon baƙon ƙur kan tukunyar.