Ranar da Aka Rufe Bakin Keken Umma

Tun kafin ta buɗe shagonta, Umma mai ɗinki ta bi layin ƙofa-ƙofa tana kafa doka, sai ka ce a mafarki aka naɗa ta shugabar unguwa. Wurin mai walda ta fara zuwa, don shi ne uban masu surutu.

"Yau daga tsakar rana ba na son jin guduma," in ji ta, hannu a ƙugu. "Wannan injin naka mai kukan akuya ma ya huta."

Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Haba Umma, ƙofar mutane ce a hannuna, gobe za su zo ɗauka."

"Ƙofa ba ta da ƙafa, za ta jira ka. Yau za a ɗauki muryar Auta."

Da jin haka ya ajiye gudumar a hankali, kamar ƙwai. Duk layin babu wanda bai goyi Auta ba ko ya saya mata alewa. Ita ce 'yar Umma ta ƙarshe, a shagon nan ta yi rarrafe, a nan ta girma, kuma a ɗan ɗakin da ke bayansa ta koya wa kanta jita har ta fara haɗa waƙoƙinta. Gidan rediyon garin yana da wani shiri ranar Asabar da ke sa waƙoƙin 'yan gari zalla, waɗanda babu wani kamfani a bayansu. Masu shirin sun ji ta a wani ɗan taro, suka ce ta kawo waƙa ɗaya da aka ɗauka da kyau, gobe za su rufe karɓa. Wani mai ɗaukar sauti da kowa ke kira Injiniya, wanda ke yawo da kayan aikinsa a jaka yana bin ƙananan mawaƙa har inda suke, ya ce zai zo. Yau kaɗai yake da sarari.

Abin da Umma ba ta gaya wa mai walda ba shi ne maganar Kawu. Yayanta ne, ya samo wa Auta aiki a wani babban shagon magani a can wani gari mai nisa, inda sai an wuni a mota kafin a kai. Auta ta ce idan waƙar nan ba ta fito ba, za ta rataye jita ta tafi, ta gaji da zama tana jiran abin da ba ta san ranar zuwansa ba. Ranar da ta faɗi haka Umma ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ta juya ta ci gaba da yanka yadi, ta yanko hannun riga biyu duk na hagu. Yayyen Auta duk sun watse, kowa da garin da ya riƙe shi. Umma ba ta so ta tafi, ko kaɗan ba ta so, amma bakinta ya ƙi faɗa.

Daga wurin mai walda ta wuce shagon mai aski, wanda ya riga ya ji labari.

"Na sani, na sani," ya ce yana ɗaga hannu. "Babu inji, babu rediyo. Wanda ya matsu da aski zan bi kansa da almakashi a hankali kamar ɓarawo."

"Bakinka fa?"

"Wannan kuma, Umma, sai dai ki ɗinke shi."

Babban mai laifi kuwa a shagonta yake. Keken ɗinkinta tsoho ne na takawa da ƙafa, ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Igiyarsa ta taɓa tsinkewa aka haɗa ta da waya, tun daga nan duk zagayen da ta yi sai mahaɗin ya bugi ƙarfe ya ce ƙwas. Taka-taka-taka ƙwas, haka yake tafiya kamar mai ɗingishi. Tsakaninsa da ɗakin Auta katako ne kawai siriri. Umma ta daɗe tana jin kunyar cewa shekara da shekaru wannan tsohon yana shiga cikin waƙar yarinyar nan yana ɓata mata. Saboda haka a 'yan kwanakin nan ta zage ta gama duk ɗinkin da ke hannunta, har da wanda masu shi ba su matsa ba, don kada wani dalili ya sa ta taɓa shi yau. Ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta ce masa, "Kai ma yau ka kama bakinka."

Da rana ta take Injiniya ya iso, dogo siriri, jaka a baya. Ya rataya barguna a bangon ɗakin, ya kafa makirfo, ya buɗe kwamfuta a kan teburin yanka yadi. Sai layin ya yi tsit. Irin shirun da ko ranar da aka ɗauke wuta ba a taɓa yi ba. Mai walda ya zo ya zauna a bencin ƙofar Umma, hannuwansa a kan gwiwa, ya rasa inda zai sa su. Mai aski ya tsaya a bakin layi yana tare masu babur, yana roƙonsu da hannu su kashe su tura. Wata mai talla ta buɗe baki za ta yi kira, mutum uku suka ɗora yatsa a leɓe lokaci guda, ta wuce tana waiwaye tana zaton rasuwa aka yi. Umma ta dubi aikinta ta ji daɗi har cikin ranta. Ta yi wa 'yarta shimfiɗar shiru wadda ko mawaƙan manyan kamfanoni sai dai su yi sha'awa.

Auta ta fara. Muryar tana nan yadda aka san ta, amma ba ta kai ko'ina ba ta tsaya. Ta sake, wannan karon ta yi sauri kamar ana korarta. Ta sake kuma, sai ta riƙa ja, jita na gaba murya na baya. Injiniya ya ce babu komai, kowa haka yake yi da farko. Ya saƙala mata abin sauraro a kunne, ya sa na'ura tana buga mata ƙas, ƙas, ƙas don ta bi.

"Wannan abin kamar soja yake tafiya," in ji Auta, ta cire shi. "Waƙar ba haka take ba."

"To yaya take?"

"Ban sani ba. Kullum ita ke zuwa da kanta."

Haka aka yi ta fama har inuwar shagon mai aski ta tsallako titi. A waje an daina murmushi. Injiniya ya fara satar kallon wayarsa, don da yamma ana jiransa a wani wuri. Can sai labulen ɗakin ya motsa, Auta ta fito idanunta jajaye, ta jingina jitar da bango.

"Umma, a bar shi kawai. Kun hana kanku aiki saboda ni, ga shi na kasa. Ki gaya wa Kawu ina zuwa."

Umma ta sulale ta zauna a kujerar da ta saba zama, gaban keken da ke lulluɓe. Ita kuwa tana da wata ɗabi'a da ba ta ma san tana da ita ba, duk lokacin da ranta ya ɓaci ƙafarta kan nemi matakin keke da kanta. Ƙafar ta lallaɓa ƙarƙashin zanen ta danna.

Taka-taka-taka ƙwas.

Umma ta zabura kamar ta taka wuta. "Wayyo, ku yi haƙuri! Wannan tsohon banzan..."

"Umma." Auta ta tsaya cak, hannunta a kan labule. "Sake."

"In sake me?"

"Sake takawa, don Allah."

Ta sake. Auta ta lumshe ido, kanta ya fara kaɗawa, yatsunta na bugun cinyarta, kuma duk inda ƙwas ya faɗo nan kafaɗarta ke sauka. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ga ta nan! Injiniya, ga abin da nake gaya maka! A kan wannan na yi waƙar. Duk waƙoƙina a kansa na yi su, ni kaina ban sani ba sai yau."

Umma ta dubi keken, ta dubi 'yarta. "Wannan mai ɗingishin?"

"Ɗingishin ne waƙar, Umma."

Injiniya bai tsaya tambaya ba. Ya yaye zanen, ya jawo makirfo na biyu ya kafa shi dab da igiyar, ya ce bismillah. To a nan fa aka sake samun matsala. Umma da ta ga makirfo a gabanta sai ta miƙe wuya, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta shiga taka keke da ladabi kamar mai gaida surukai. Sautin ya fito a sandare.

"Ba haka kike yi ba," in ji Auta. "Kada ki yi mini kiɗa. Ɗinki za ki yi kawai, yadda kika saba."

"Ɗinkin me? Na gama komai tun jiya, ko ƙyalle ban bari ba!"

Mai walda da ke leƙe ta ƙofa ya tuɓe rigar aikinsa ya miƙo, ya tsaya daga shi sai singileti. Umma ta ɗaga rigar sama, haske ya shigo ta wurare da yawa.

"Wannan riga ce ko rariya? Kai yanzu da wannan kake yawo a gabana, ina ɗinki a layin nan? Ka ci mutuncina!"

Ta cusa ta ƙarƙashin allura tana mita, ta manta da makirfo, ta manta da Injiniya, ƙafarta ta koma gidanta. Keken ya kama tafiyarsa ta kullum, yana sauri a miƙaƙƙen layi, yana lafawa a kwana. Auta ta riga ta koma ɗaki da jitarta, sai daga bayan katako jitar ta shigo ta zauna daram a kansa, muryar Auta ta biyo baya, a sake, a buɗe, yadda layin ya saba jin ta kowace rana ba tare da ya kula ba.

Da aka zo amshi Auta ta ɗan tsaya. "Akwai abin da ke faɗowa a nan. Dum, dum."

"Ƙofata ce!" in ji mai walda. Ya kwasa da gudu a singiletinsa, ya ɗauki guduma ya hau aikinsa. Mai aski ya ga ana rabon aiki babu shi, ya cafke wani bawan Allah da ke wucewa ya zaunar da shi a benci a bakin ƙofa, ya shiga kaɗa almakashi a kansa, mutumin na cewa shi fa bai zo aski ba. Injiniya ya cire bargo ɗaya daga bango, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, yana dariya yana murɗa maɓallansa. A karo na gaba waƙar ta tafi daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe, kuma rigar mai walda ta fito da faci har a inda ba ta yage ba.

Ranar Asabar mai aski ya fito da rediyonsa waje ya ƙure murya, layin duka ya taru a kansa. Kafin a ji jita, kafin a ji murya, abin da ya fara fitowa shi ne taka-taka-taka ƙwas. Aka sa ihu. Umma ta rufe fuska da gefen mayafi, kunya da daɗi sun haɗe mata. Da waƙar ta ƙare mai gabatarwa ya ce makaɗan wannan waƙa su ne keken ɗinki da guduma da almakashi, duk a layi ɗaya suke a bayan tashar mota, mai son ɗinki ko ƙofa ko aski ya san inda zai nufa.

Aka kuwa nufo. Mata suka riƙa kawo yadi suna tambaya ko wannan ne keken rediyo. Wasu samari masu kiɗa suka zo aski suka zauna har yamma suna hira da Auta, suka tafi da alkawarin za su yi wasa tare a ƙarshen wata. Wani mai gyaran keke ya zo da sabuwar igiya ya ce kyauta zai sa wa Umma, uwa da 'ya suka haɗa baki suka ce kada ya kuskura. Kawu ya bugo waya, Auta ta gaishe shi da ladabi, ta yi godiya, ta ce a ba wani aikin, ita tana da nata a nan. Umma na jin ta, ta sunkuyar da kai tana ta neman almakashin da ke hannunta.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Umma na ɗinka rigar wata yarinya sai ta ji wani sabon sauti yana tasowa daga bayan katako, wanda ba ta taɓa ji ba. A hankali yake, Auta na lalubensa, tana gwada kalmomi tana sakewa. A cikin kalmomin Umma ta tsinci wata mace da ke goye da jaririya tana taka keke. Ƙafarta ta tsaya. Ta jawo gefen rigar mutane ta goge ido.

Jitar ma ta tsaya.

"Umma? Me ya sa kika tsaya?"

"Zare nake sawa," in ji Umma, alhali zaren na nan a allura.

"To yi sauri, ina tsakiyar baiti."

Umma ta gyara zama, ta ɗora ƙafa a kan mataki, ta taka.