Cinikin Farko a Shagon Tauqeer

Kwana goma sha tara Sarfaraz Ali ya yi yana zaɓen kwamfuta guda ɗaya, alhali tun rana ta uku ya san wadda ta fi.

Ɗansa Shehryar ne ya jawo maganar daga Kanada. Ya ce wayar tsohon ta gaji, in suna magana ba ya ganin komai sai goshi da fankar sama. "Abbu, ka je ka nemi irin wadda ake cire mata madannai ta koma allo a hannu. Ka zaɓi mai kyau, kar ka dubi kuɗi, ni zan biya." Sarfaraz ya ce to. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana zana taswirar magudanan ruwa a ofishin gwamnati a Lahore, ba a ce masa kar ya duba. Ya zaro takarda mai gida-gida cikin ragowar na aiki, ya fere fensir, ya ja layuka da rula.

Guda uku ya ware a shagon Tauqeer, a hawa na biyu na kasuwar kayan lantarki. Akwai baƙa, sabuwa dal, rupi dubu ɗari da tamanin da biyar, batirinta na kai awa goma, ga alƙalami a kwalinta. Akwai mai ruwan toka, dubu ɗari da talatin, ta fi nauyi, alƙalaminta kuma daban ake saye. Ta ukun ta hannu ce, cikin waɗanda ake shigowa da su a kwantena daga ofisoshin ƙasar waje, dubu saba'in. Mahaɗinta da madannai ya yi sako-sako, batirinta kuwa an rubuta awa tara, da ƙyar yake ganin uku.

Mutane na cewa namiji ya fi jure zaman kaɗaici, wai don ba shi da yawan magana. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa leƙa gidan da matar ta rasu ba da ƙarfe goma na safe. Shekara biyu ke nan da rasuwar Rukhsana, matar Sarfaraz. Maƙwabtan da suka tsufa tare sun sayar da gidajensu an mai da su ɗakunan kwanan ɗalibai, yara masu toshe kunne da waya. Bayan sallar asuba da shayi da jarida, Sarfaraz yakan duba agogo ya ga takwas da rabi, ranar ma ba ta fara ba.

Kasuwar ba ta buɗewa sai sha ɗaya. Kullum, ban da Lahadi, Tauqeer na ɗaga ƙofar ƙarfe zai waiga ya ga tsohon tsaye da farin kaya da ya sha guga, takarda naɗe a hammata. Sarfaraz ya gaya wa ɗansa cewa yana sammako ne saboda bohni, cinikin farko na rana, wanda ɗan kasuwa ba ya yarda ya kuɓuce masa, wai in ya kuɓuce cinikin ranar ya lalace, don haka yakan sassauta farashi. Shehryar ya yaba da dabarar. Gaskiyar ita ce da safe ne kawai ake samun kujera a shagon, da shayi, da mutumin da ba ya sauri.

Tauqeer ɗan shekara arba'in da wani abu ne, mai tumbi da sanƙo da saurin dariya.

"Baba ji, yau kuma me za mu auna? Nauyi mun auna, batir mun auna. Saura ka tambaye ni sunan kakanta na wajen uwa."

"Da ka san shi da na rubuta. Miƙo min mai ruwan tokar."

"Ni matata ma ban yi mata wannan binciken ba."

"Ai ga shi nan kana gani."

Ranar nauyi, sikelin kicin Sarfaraz ya zo da shi a jaka, don ya ce abin da aka buga a kwali ba ya haɗa madannai, kuma ya yi gaskiya. Ranar sauri, ya kwance agogonsa ya ajiye a kan kantar shagon, ya sa aka kunna su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga daƙiƙa. Tauqeer ya yi ta ƙoƙarin burge shi da manyan lambobi, wannan gig takwas, waccan goma sha shida. Tsohon ya ce shi ya ga injiniyoyi masu digiri uku da ba su iya sa ruwa ya gangara ba, a ba shi alƙalami kawai. Ya ja layi a fuskar baƙar, layin ya bi bakin alƙalamin kamar tawada. Ya ja a kan mai ruwan toka, layin ya riƙa biyo shi a baya kamar yaron da aka aika ba ya so. Ta hannun kuwa tana minti ashirin a kunne sai bayanta ya ɗauki zafi.

"Wannan in sanyi ya shigo ba sai ka sayi hita ba," in ji Tauqeer.

Duk wannan an gama shi cikin kwana uku. Sauran kwanakin, Sarfaraz yakan zo da tambaya guda da ya tanada tun jiya, a amsa masa cikin minti biyar, daga nan hira ta koma kan wasan kurket, da tsadar gas, da ciwon gwiwar mahaifiyar Tauqeer, da yadda aka gina gadar kogin Ravi. Idan mutane suka fara shigowa sai ya naɗe takardarsa ya ce, "Bari in ƙara tunani." Tauqeer ya ce, "Tunani kyauta ne, Baba ji." Ya tafi gida da abin da zai juya a ransa har la'asar.

A zuwansa na goma sha tara ya tarar da wani a kan kujerar. Dattijo ne mai jan gemu na lalle da carbi a hannu, Haji Liaqat, yayan Tauqeer, wanda shagon nasa ne. Kwanansa biyu da dawowa daga umara. Tauqeer na can ciki yana goge gilashin da ba shi da datti.

Bayan gaisuwa Haji ya ce, "Kai ne mai takardar."

"Ni ne."

"Na dawo na tarar ciniki ya yi ƙasa. Na tambayi ƙanena, ya ce dala ce ta hau. Na tambayi maƙwabta, suka ce ba dala ba ce, tsoho ne. Kullum kai ne farkon mai taka shagon nan, kullum ka fita hannu rabbana. Kai ba baƙo ba ne a garin nan, Sarfaraz Sahib, ka san abin da hakan ke nufi."

"Haji Sahib, ka je ɗakin Allah ka dawo, har yanzu kana auna arziki da ƙafar tsoho?"

"Arziki na Allah ne, ban musa ba. Amma haka ubanmu ya buɗe shago, haka ya rufe, bai taɓa kwana da yunwa ba." Ya nuna Tauqeer da carbi. "Ka tambayi wancan me yake yi a ɓoye da zarar ya buɗe shago. Kullum sai ya zaro kuɗi a aljihunsa ya sayi igiyar caji a shagonsa, wai ya yi bohni. Igiya goma sha takwas ke gidansa yanzu, matarsa ta kusa fara shanya a kansu. Na ce masa mutum ba ya yi wa kansa bohni, in da ana yi da kowa ya yi arziki."

"Yaya, bar maganar nan," in ji Tauqeer, bai ɗago ba.

"Ba korar ka nake ba," Haji ya ci gaba. "Ka zo bayan azahar, ka zauna har a tashi. Ko kuwa ka saya. Amma safiya ka bar mana."

Sarfaraz bai taɓa yarda da zancen bohni ba. Sau nawa ya yi wa Rukhsana dariya in ta sayi albasar da ba ta buƙata don kawai ita ce ta fara tsayawa gaban mai kayan miya. Maganar Haji ba ta dame shi ba. Igiyoyin nan goma sha takwas ne suka tsaya masa a rai. Ashe mutumin da ke miƙa masa shayi yana dariya, kowace safiya da fargabarsa yake kwana. Bayan azahar kuwa ya san yadda shagon yake: kafaɗa na gugar kafaɗa, Tauqeer da waya a kowane kunne, ko sallama sai dai ya amsa da gira.

Da ya koma gida ya shimfiɗa takardar a tebur, ya daɗe yana kallon layin ƙarshe, na garanti. Baƙar kwamfutar garantinta shekara guda ne, kuma in ta samu matsala kamfani ake kai wa, can wata unguwa. Ta hannun ba ta da garantin kamfani, a shagon ake gyara ta. Mahaɗin nan ba zai yi wata biyu ba. Batirin zai nemi canji. Za ta yi zafi ta ɗauke, a kai ta, a ce a dawo jibi. Mai kawo gyara kuma ba ya fita hannu rabbana. Ko rupi ɗari biyu ya ajiye a kanta bohni ce, Haji da kansa ba zai ce komai ba. A tsawon aikinsa bai taɓa sa hannu a zanen da ya san ba daidai ba ne ba. Ya ɗauki fensir ya zagaye ta hannun.

Washegari ya iso kafin sha ɗaya, da kuɗin da Shehryar ya turo a ɗaure cikin ambulan. Haji bai zo ba. Tauqeer ya ɗaga ƙofa, ya gan shi, kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa ido.

"Baba ji, maganar jiya…"

"Bar ta. Yau saye na zo yi. Ɗauko min ta hannun."

Tauqeer ya tsaya da makulli a hannu. "Wacce?"

"Mai zafin nan."

"Wasa kake."

"Na yi kama da mai wasa? Dubu saba'in ka ce. Ga su."

"Wallahi ba zan sayar maka da ita ba. Wannan ta ɗalibai ce, masu ƙafar hawa bene. Ka san me za ta yi maka? Duk sati sai ka dawo nan. Yau mahaɗi, gobe batir, jibi ta ƙi tashi. Da shekarunka ka riƙa jigila a kan benen nan saboda ni? Me zan ce wa Allah?"

"Benen bai dame ni ba, ɗana."

"Ni ya dame ni." Ya zare takardar daga hammatar tsohon ya shimfiɗa ta a kanta. "Duba nan. Sauri, baƙa. Batir, baƙa. Nauyi, baƙa. Alƙalami, baƙa, har ka ja mata layi biyu a ƙasa. Rubutunka ne ko nawa? Abu ɗaya kawai ta hannun ta fi ta, araha, kuma ɗanka ya ce kar ka dubi kuɗi, da bakinka ka gaya min."

Sarfaraz ya buɗe baki. Abin da zai faɗa gajere ne, bai fi kalma shida ba, amma ba irin maganar da dattijo ke yi wa ɗan kasuwa a tsaye gaban kanta ba ce. Ya rufe.

Tauqeer ya zaci tsadar ce ta dame shi. Ya sauko da kwalin baƙar, ya goge shi da hannun riga. "Ɗari da sittin da biyar. Ko sisi ban ci ba, Yaya zai cire min kunne. Bohni ce, Baba ji, kuma kai ne. Kar ka sa in roƙe ka. Wannan in ka tafi da ita, shekara biyar ba za ka sake ganin fuskata ba, na yi maka alkawari."

Bai yi tayi ba. Ya ƙirga ya miƙa. Tauqeer ya karɓa da hannu biyu, ya taɓa kuɗin a goshi ya ce bismillah, fuskarsa ta saki irin sakin da Sarfaraz bai taɓa gani ba duk zuwan da yake yi. Ya haɗa masa komai, ya sa masa lambar Shehryar a inda zai gani, ya ƙara masa jaka kyauta, ya rako shi har bakin bene. Kafin tsohon ya kai ƙasa ya jiyo shi yana yi wa wani maraba.

Kwamfutar ba ta da aibu. Ran Lahadi Shehryar ya kira, hoton ya fito tas, har furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne ana gani, har ma idonsa da ke zamewa zuwa wani allon a gefe.

"Abbu, ka iya zaɓe. Wannan ba za ta taɓa ba ka wahala ba."

"Haka mai shagon ya ce."

"Nawa ka samo ta?"

Ya faɗa masa. Shehryar ya yi dariya ya ce lallai sammako ya yi rana, sannan ya ce yara na jiran a kai su wasan ninƙaya, sai wani satin.

Sarfaraz ya cire madannan ya mayar, ya sake cirewa ya mayar, yana kasa kunne ko zai ji wani ɗan sako-sako. Kowane karo sai su kama ƙyas, daram.

Ran Litinin da goma da rabi aka yi hon a ƙofar gida. Mai keke napep ɗin unguwa ne, ya saba da lokacin har ba ya jira a kira shi. Sarfaraz ya fito da farin kayansa, don ya riga ya yi musu guga tun safe kafin ya tuna.

"Kasuwa, Baba ji?"

Ya tsaya riƙe da ƙyauren, yana duban titi ta dama, ya dubi ta hagu.

"Na riga na saya," ya ce. "Jeka abinka."