Harshen Mai Shela a Ƙwarya

Bayan azahar zafi ya danne Baba Nomau a kan tabarma, barci ya zura shi ƙasa kamar guga. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, mutumin da ya tsufa yana shela a kasuwa, ko "ruwa" sai ya yi kokawa kafin ya furta. Asibiti na neman irinsa don binciken wata hanyar dawo da magana. An faɗa a rediyo, an turo ta waya, amma wayar tana hannun ɗansa Sabi'u, wanda ya rantse ba za a yi gwaji da ubansa ba. Tsohon kuwa yana so, ba a dai tambaye shi ba.

Sai ga shi a wata kasuwa da komai rabi ne, rabin rumfa, rabin akuya, rana ma ɓari guda. Wani tsohon rediyo mai dogara sanda ya tare shi, ya ce ya gaji da kira, muryarsa a zaure take tsayawa, ba ta kaiwa ƙuryar ɗaki. Ya ja shi bakin wata rijiya mai haske irin na fuskar waya. Can ƙasa masu fararen riguna na kira, a sama 'ya'ya da jikoki sun kewaye bakin, duk kiran da ya taso su cafe, su ce sun gode, yana hutawa.

Rijiyar ta miƙe ta zama hanya. Ga hannunsa na dama zaune a gefe, ya yi ƙiba don zaman banza, ko gaisuwa babu. Can gaba Sabi'u na tafe da ƙwarya a ka, rufe da faifai, yana takawa a hankali, yana hawaye. Baba Nomau ya ji harshensa na motsi a cikinta.

"Gudun kada ya fashe ya ɗauke maka," in ji rediyon. "Ƙauna ce, sai dai ba ta sauke kaya."

Tausayi ya kama shi, haushi ma haka, gajiya ta fi su duka. Ya wage baki zai yi shela, sai yashi ya zubo.

Firgigit ya farka. Muryar mace ce a tsakar gida, ma'aikaciyar asibiti, tana cewa yau ake rufe ɗaukar mutane. Sabi'u na ba ta haƙuri, wai Baba barci yake yi.

Ya lalubo kwanon sha da hannun hagu, ya shiga buga shi da ƙasa iya ƙarfinsa. Takun matar da ya nufi zaure ya tsaya.

"Malam Sabi'u," in ji ta, "kamar da ni ake."