Gonar da Aka Auna a Kan Babur

Wata biyar da rasuwar maigidana aka ce an fara rabon tallafin taki. Na ɗauki katinsa na manoma na tafi ofishin gona. Benci ɗaya ne a wurin, ƙafarsa guda da bulo aka tokare ta. A kansa na wuni.

Da layi ya zo kaina, akawu ya duba kwamfutarsa ya ce, "Mama, ai gonar nan an riga an biya ta."

Na ce, "An biya wa?"

"Kamfanin masarar da ke maƙwabtaka da ku. A taswira duk filinsu ne."

Gonarmu kadada biyu ce. Kamfanin ya saye gonakin da ke kewaye da mu, ya ja waya, ya bar mana 'yar hanya. Gwamnati kuwa gwargwadon faɗin gona take biya. Mai awo yakan zagaya da wata 'yar na'ura a hannu, inda ya bi nan ne iyaka. To, shi mai awon gwamnatin bai sauka daga babur ba. Bayan wayar kamfani ya bi ya zagaye, ya haɗa da tamu.

Shekara uku ke nan. Shekara uku maigidana yana zuwa kan bencin nan ana ce masa sunansa bai fito ba. Ya dawo ya ce mini rabo ne bai yi ba. Ya riƙa turo kashin shanu a baro, yana tari, yana tsayawa yana dafe ƙirji. Ashe takinsa yana can bayan waya.

Kwana biyu sai ga manajan kamfani har ƙofar gida, da buhu biyu na taki a bayan mota da takarda. Ya yi mini gaisuwar rashi, sannan ya ce in dangwala yatsa kawai, cewa gonar tana ƙarƙashin kulawarsu.

Na ce, "Alhaji, in na dangwala, 'ya'yana kuma su gaji me? Buhun?"

Ya yi dariya, ya ce na faye zafi. Da buhunansa ya koma.

Gab da damina mai awo ya dawo zagayen shekara. Na tare shi a bakin hanyarmu. Yana tsayawa na zare makullin babur ɗin na ƙulle a bakin zanena.

"Haba Mama, wasa kike yi? Ga rana fa."

"Ita ta dafa mai gonar shekara talatin, ɗana. Kai minti nawa za ta ci maka? Sauko."

Ya sauko yana gunaguni. Na shiga gaba, yana bina da takalminsa mai sheƙi, kunya bayan kunya, har muka dawo inda muka faro. Na'urar ta yi ƙara. Ya nuna mini wani ɗan zane kamar tafin hannu a tsakiyar na kamfani.

"Sai fa manya sun sa hannu. Bana ba za ki samu taki ba."

Na ce na ji. Na sa ya rubuta sunan babban ɗana a ƙasan zanen, ya karanta mini da ƙarfi sau biyu, sannan na kwance bakin zanena.